Ƙasar Sakkwato a Cikin Kwallar Zare

A wannan watan maigidana, mahaifin Ummi, yake cika shekara shida da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Amma fargabar da na yi a kansa ta girmi rasuwarsa da shekara biyu, kuma da ita zan fara, don har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida ranar Lahadi sai gabana ya faɗi.

Hanya nake tsoro. Duk Lahadi, da ya karya kumallo, sai ya ɗauki babur ya fita daga Mabera ya nufi fadama, wata rana har ya ƙetare gulbin Rima. Lokacin an fara maganar ɓarayin daji a bakin kowa, ni kuma ina da cikin Ummi. In ya fita ba na iya cin abinci. Ina zaune da hular da nake ɗinkawa, kunnena na ƙofa, allura na sukar yatsana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba neman abinci ke fitar da shi ba. Ƙasa yake zuwa ɗebowa. Ƙasa da ganye da kara, a ƙulle cikin leda.

Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya, don haka a yi haƙuri da yadda zan yi bayani. Shi a shagon buga takardu yake aiki, kuma yana da wata tsohuwar kwamfuta tasa a gida. A cikinta akwai wasan tuƙin jirgin sama, irin jiragen zamanin Turawa masu farfela a hanci. Mutum zai zauna kamar a kujerar matuƙi, ya tashi, ya ga ƙasa a ƙarƙashinsa, ya sauka. Tun yana yaro jirgi yake so. Ya taɓa zuwa gwajin shiga sojan sama, likita ya buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗigen launi ya ce ya karanta lambar da ke ciki, bai ga lamba ba. Ashe idonsa ba ya raba ja da kore da ruwan ƙasa sosai. Ni ke zaɓar masa hular da za ta shiga da riga. To, jirgin da bai tuƙa a sama ba, shi yake tuƙawa a kan tabarmar ɗakinmu in an kawo wuta.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni daga madafa.

"Luba, zo ki gani. Yau bisa Sakkwato nike."

Na zo da ludayi a hannu. Na leƙa. Daga wannan gefe zuwa wancan rawaya ne guda ɗaya, kamar an baza garin ɗorawa a kan tabarma. A tsakiya wani siririn layi shuɗi, wai shi ne gulbi. Na ce masa ni dai tunda aka haife ni ban taɓa ganin gulbin Rima shuɗi ba, sai dai ko ranar an zuba masa bula. Ya yi dariya, sannan ya ƙura wa gilashin ido.

"Wagga ba ƙasammu ba ta," in ji shi.

Ko da idon nasa ya gane. Waɗanda suka yi wasan sun yi wa ƙasashensu ado, gona da kalarta, daji da kalarsa. Da suka iso wajenmu sai suka shafa rairayi suka wuce.

Maƙwabcinmu, Malam Istifanus, mutumin Filato ne, yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare. Shi ya karanta masa Turancin dandalin da masu wasan ke haɗuwa a intanet, suka gano cewa duk mai so yana iya gyara fuskar ƙasar, ya ɗora wasu su sauke su sa a nasu wasan. Daga ranar nan, Lahadi ta daina zama tawa.

Da farko hoto yake ɗauka da waya. Sai muka ga waya maƙaryaciya ce: in rana ta take, ta mayar da komai fari, in hadari ya haɗu, ta mayar da shi toka. Shi ne ya koma kawo abin da kansa. Jar marmara, baƙar laka ta fadama, rairayin jigawa, fako, ruwan gulbi a robar lemo. Ƙasa ba ta da matsala, tana jira. Ganye ne ba ya jira. Ganyen shinkafar da aka tsinko da hantsi, kafin gobe ya zama wani abu dabam. Ni na kawo dabarar zare. Da ya shigo zan baje kayan a faranti a inuwar zaure, in ɗauko zaren hulata in yi ta karawa har in sami wanda ya yi daidai. In babu, in murɗa biyu wuri ɗaya. Rubutu wahala yake ba ni, don haka ƙulli nake yi: ɗaya na damina, biyu na kaka, uku na rani. Wurin da aka ɗebo kuwa a kaina yake. Sai in jefa a wata kwalla ta kayan aurena in rufe.

In an kawo wuta sai mu zauna. Ni ina riƙe da zare a gefen gilashin kwamfuta, shi yana juya wasu lambobi. In ce ƙara ja kaɗan. In ce ya yi yawa, koma baya. In ce wannan koren na alayyafo ne, na shinkafa ya fi shi haske. Ba ya gardama, don ba ya gani. Mutumin da ke musu da ni a kan gishirin miya, a nan ko uffan ba ya cewa. Yakan ce da Malam Istifanus, ni ce idon, shi hannu ne kawai. Ni kuma ina kiransa Kyaftin, in na so tsokana.

Malam Istifanus ya koya mana wani abu da ban manta ba. Ya ce abin da ke kusa da ido ba shi matuƙi ke gani ba, nesa tana wanke launi kamar zanen da ya sha wanki. Bayan na haihu na yi arba'in ya kai mu saman wani bene da ake ginawa kusa da makarantarsu. Ranar na fara ganin garinmu daga sama, Ummi na goye. Gaskiya ya faɗa. Tun daga nan sai in rufe zaren da farin mayafina mai shara-shara, abin da ya bayyana ta ciki shi muke sa wa.

Tsoron nawa bai tashi a banza ba, ko da yake ba ta inda na zata ya zo ba. Wata Lahadi ya dawo wuyan rigarsa a yage. Wasu manoma ne a wani ƙauye bayan gulbi suka same shi durƙushe a gonarsu yana ɗibar ƙasa yana ƙullawa a leda. Ku da kanku kun san abin da ake zargin mai ɗibar ƙasar gonar wani. Suka taru a kansa, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce turo shi aka yi a kashe gonar. Suka ja shi gaban mai unguwa. Ya yi rantsuwa, ya yi bayanin jirgi, abin ya ƙara lalacewa, don wa zai yarda babban mutum mai iyali ya ƙona mai tun daga birni saboda wasa? Abin da ya cece shi, mai unguwar ya sa aka kwance ledojin duka, ya ga har da ganyen albasa da kashin shanu busasshe. Ya ce shi dai bai taɓa jin asirin da ake haɗawa da wannan tarkace ba, wannan ba mugu ba ne, mara aikin yi ne. Aka yi dariya, aka ba shi fura. Ni ban yi dariya ba. Na yi kuka, na ce ya zaɓa, ko mu ko leda. Ya lallashe ni, ya yi Lahadi biyu a gida, ta uku ya fita. Na ji tashin babur ɗin, na ci gaba da ɗinkin hulata. Na gaji da cewa.

Tunda jiragen na zamanin da ne, ƙasar ma ta zamanin da yake so. A nan kakarsa ta shigo, Inna Ige, wadda aka haifa a ƙauye aka kawo ta birni tana yarinya. Muka kai mata kwamfutar har ɗakinta. Ya tashi jirgi, ya karkato da shi bisa tsohon gari, yana jiran yabo. Ta matso da fuskarta har hancinta na neman taɓa gilashi.

"Kai maigida, wa yac ce maka haka garin yake? Duk wanga dogon yaro da kac cika gari da shi, sa'adda muna yara ina munka gan shi? Kwashe abinka."

Ta ce jinka ba rawaya ba ce sai sabuwa, da ta sha damina ɗaya ta koma ruwan toka. Ta ce gidan masu hali ake shafe wa bango da makuba, ya yi duhu yana ɗaukar ido, na talaka kuwa kalar ƙasar da aka haƙa a bayan gida. Sannan ta nuna wasu itatuwa a gonakin da ya yi, ta tambaye shi mene ne. Ya ce gawo. Ta tafa hannu. Gawo da ganye da damina? Ta ce lallai boko ya cuce shi, ɗan jikan manoma bai san gawo tsirara yake kwana damina ba, sai rani yake sa riga. Ya sunkuyar da kai yana dariya, ya dawo gida ya kakkaɓe wa kowane gawo ganyensa.

Na damina kaɗai ya gama. Malam Istifanus ya rubuta masa bayani da Turanci, suka ɗora a dandalin. Ranar da ya tashi jirgi a kan aikin da ya kammala, ya ce in zauna in riƙe sandar tuƙin. Na ga fadama kore shar tana bin gulbi, gulbin kalar shayi da madara, tudu ja-ja, gero na duhu-duhu a jigawa. Na gane koren nan, na san ranar da na murɗa shi. Na manta da tuƙi har jirgin ya faɗa gonar shinkafa. Ya ce ba komai, a gida na faɗi.

Bai mutu a hanya ba. Shekara biyu ina tsaron ƙofa, abin ya shigo ta inda ban sa ido ba. Zazzaɓi ne na kwana takwas. Ranar Alhamis da azahar ya cika a asibiti, babur na jingine a zaure, ledar ƙasar gonar albasa na rataye a hannun babur ɗin. Yana tsakiyar haɗa na rani ke nan.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don ba wanda zan ɗora wa. Ina cikin takaba ƙaninsa Sani ya zo, ɗalibi ne, yana buƙatar kwamfuta don karatu. Na ce ya ɗauka. Ya ce za a wanke ta, a goge duk abin da ke ciki, ko akwai abin da nake so a cire mini? Na ce hotunan Ummi. Iyakar abin da na ce ke nan. A tunanina abin da aka ɗora a intanet ya zauna ke nan har abada, kamar rubutu a dutse. Ban san dandali ma yana mutuwa ba. Da Sani ya gane abin da aka goge, bayan shekaru, ya zauna a zauren gidanmu ya rufe fuska da hula. Na ce ya tashi, shi ya tambaya, ni na amsa.

Na biyun ya fi wannan ciwo, don shi da sanina na yi. Bayan takaba na koma gidanmu a Ƙofar Rini da Ummi da kwallata. Wata shekara ana gab da sallah wani ya kawo ɗinkin hula yana son kore, nawa ya ƙare, rana ta yi zafi, kasuwa ta yi mini nisa. Na buɗe kwallar. Na ɗauki koren shinkafar watan takwas, mai ƙulli ɗaya, na kwance ƙullin da haƙori. Na ce wannan kaɗai. Bayan wata biyu na ɗauki jar marmara. Haka, ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ce ban yi tunani ba, na yi, na ture shi gefe. Yau akwai mutane a garin nan da ke yawo da fadamar Rima a kansu ba su sani ba. In ina cikin Keke na ga hula mai kore, sai na bi ta da kallo har ta ɓace. Abin da ya rage a kwallar bai cika tafin hannu ba: makubar Inna Ige, ruwan gulbi, tokar jinka, da wasu biyu masu ƙulli uku da na manta inda aka ɗebo su.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Sakkwaton yau. Kwanaki na hau benen makarantarsu Ummi kai mata abinci, na tsaya na duba. Kwano shuɗi, kwano ja, kwano kore, ga baƙaƙen farantan sola a kwance a kai. Bakin fadamar da yake ɗebo laka, an cike shi an jera bulo. Hanyar da nake jin tsoro a da, yanzu ko mazan ba sa binta sai dole. Ina jin da zai yi tsaki, sannan ya ce in ɗauko zare. Sani ya nuna mini a waya cewa yanzu ana ganin kowane gida daga sama, har da igiyar shanyarmu, ya ce sababbin wasannin ma da irin wannan hoton suke aiki. Na ce to madalla. Amma wannan garin yau ne, kowa na iya ganinsa. Garin da Inna Ige ta gani tana yarinya fa? Ita ma ta bi jikanta shekara uku da suka wuce. Abin da ta faɗa a cikin aikin nan kaɗai ya zauna.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana, bayan shekara shida ina shiru, Ummi ce. Shekararta bakwai da rabi, ba ta san fuskar ubanta ba sai a hoto. A makaranta aka ce su zana garinsu. Ta kawo mini takardar tana murna. Ta shafe ta da fensirin kala rawaya tun daga sama har ƙasa, ta ja layi shuɗi a tsakiya. Na tambaye ta wa ya ce mata haka garinmu yake. Ta ce haka yake a littafi, mu a hamada muke. Na yi mata faɗan da ya fi ƙarfin laifinta, har ta yi kuka. Da na huce na ɗauko kwallar, na zaunar da ita, na ba ta labarin nan duka kamar yadda na ba ku. Ta juya zaren makuba a hannunta, ta ɗago kai.

"To Mama, nuna mini."

Ba ni da abin nunawa. Na ce mata sai an kawo wuta, alhali akwai wuta.

Washegari na nemi lambar matar Malam Istifanus, don sun koma gida tun da ya yi ritaya. Ta haɗa ni da shi. Muka gaisa, ya tambayi Ummi, ya yi wa mamacin addu'a irin tasu, na ce amin. Ya ce dandalin an rufe shi tuni, ya nema bai samu ba, shi ma bai ajiye komai ba. Amma ya tuna abu ɗaya. Ya ce mutane sun sauke aikin, kuma a cikin masu godiya akwai wanda ya yi rubutu da Hausa, ya ce ya tashi jirgi ya bi gulbi har ya gane inda gonar kakansa take. Bai san sunansa na gaskiya ba, bai san garinsu ba. Amma Bahaushe ne, ko mai jin Hausa. Wataƙila yana karanta wannan jarida.

Na auna abin da mahaifin Ummi ya bari. Bai bar gida ba, bai bar suna a gari ba, wasu ma har yau in an ambace shi cewa suke, ai mai wasan jirgin nan. Ya bar 'ya mai irin goshinsa. Ya bar mini ido, don tun daga lokacin ban ƙara kallon ƙasa in ce ƙasa ce kawai ba. Ya kuma bar damina guda ɗaya ta tsohon Sakkwato, wadda shi bai taɓa ganin kalarta daidai ba, ya yarda da bakina ya yi ta. Ita ce ban san inda take ba. Na gaji da nema a inda ƙafata ke iya zuwa.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba zan fara a jarida ba. Amma a cikin wasan Ɗan Fadama yake kiran kansa, da wannan sunan ya ɗora aikin. In kai ne ka yi rubutun nan da Hausa, ko kana da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado mai wasan jiragen da, don Allah ka kunna ta, ka tashi bisa Sakkwato. In ka ga gulbi kalar shayi da madara, jinka ruwan toka, gawo ba ganye, to shi ne. Ka ɗauki hoto ka aiko ofishin wannan jarida, a ce na Maman Ummi ne ta Ƙofar Rini. Guda ɗaya ya ishe ni. Kada ka gyara masa launi, in na gani zan gane.